Ranar da Na Dafa Cukun Buzaye a Makaroni

Duk abin nan 'yar yayata ce ta jawo mini. Tana karatu a Houston, can Amurka, kuma tun da ta tafi ba ta da aiki sai turo mana hoton abinci a WhatsApp. Ran nan ta turo wani kwano cike da makaroni, ruwan ɗorawa, yana sheƙi, ta ɗaga cokali wani abu yana bin sa kamar yauƙin kuɓewa. Autata ta gani, shi ke nan na shiga uku. Kwana uku ko ruwa ba ta bari na sha da daɗi ba: "Umma, makaroni mai cuku. Umma, irin na Anti."

Na kira yarinyar na ce ta koya mini. Maimakon ta faɗi abin da zan zuba a tukunya, sai ta ɗauko mini tarihi, kin san halin 'yan boko. Wai shugaban Amurka na uku, Thomas Jefferson, ya ƙwallafa rai a kan makaroni tun yana zaune a Faransa, inda kukunsa, wani bawa mai suna James Hemings, ya koyo girki, har aka kai wa baƙin fadarsa irin wannan abinci a 1802. Wai kuma a 1937 kamfanin Kraft ya fara sayar da shi a kwali da arha, lokacin da fatara ta ishi mutanen can. Na ce, "To 'yar nan, abincin talakawa ne ke nan?" Ta ce ƙwarai. Wannan kalmar ita ta yaudare ni.

Cuku kuwa ai ba baƙonmu ba ne. Maigadin layinmu Buzu ne, mutumin Agadas, duk zuwansa gida sai ya kawo mana tsarabarsa: falle-falle, busasshe, da zanen tabarmar da aka shanya shi a kai. Na aika ya ba ni falle huɗu. Da kansa ya kawo, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Hajiya, da shayi za a ci, ko a fura za a daka?" Na ce dafawa zan yi a makaroni. Ya gyara rawaninsa, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "To, Allah Ya ba da sa'a."

Na kakkarya cuku na watsa a tukunya, na zauna jiran ya narke. Makaroni ya dahu. Ya wuce dahuwa. Ya fara shirin komawa kunu. Cuku yana nan yadda aka kawo shi, ko zanen tabarmar bai goge ba. Sai daga baya hankali ya zo mini: abin da ya sha ranar Sahara bai narke ba, ɗan rishona ne zai narkar da shi? Da daddare maigida ya tsamo guda da cokali, ya juya shi gaba da baya a hasken fitila, ya ce, "Wannan kuma silifas ɗin wa ya faɗa a ciki?" Garin kwaki muka sha muka kwanta.

Mai hankali a nan zai haƙura. Ni kuwa zuciya ta ɗebe ni, washegari na hau A Daidaita Sahu na tafi babban kanti, na nemo irin wanda yarinyar ta ce, wai shi Cheddar. Ɗan guntu ne, bai fi sabulun wanka biyu ba. Da yarinyar kanti ta faɗi kuɗinsa sai da na dafa teburinta. Kuɗin nan zai sayi kaza, a fige ta, a ba ni canji. Abincin talakawa! Na biya don kunya, akwai layi a bayana.

Wannan karon saƙon murya 'yar yayar tawa ta turo, dalla-dalla: a narka bota cokali biyu, a zuba fulawa cokali biyu a juya, a riƙa tsiyaya madara kofi biyu kaɗan-kaɗan har ta yi kauri, a sauke tukunya, sannan a zuba gogaggen cuku. Na ji "kaɗan-kaɗan" ɗin sarai, amma wa ke da wannan lokacin? Na juye madarar gaba ɗaya. Nan take gudaji suka taso kamar ƙuraje. Hannuna kuma, shekara goma sha biyar yana tuƙa tuwo, bai nemi shawarata ba, sai ga muciya a cikinsa. Na ga abin ya yi ruwa, na barbaɗa fulawa. Ya yi tauri, na ƙara madara. Na sake barbaɗawa. Kafin in farga na dafe tukunya da tsumma ina tuƙi da ƙarfina, gumi na zuba.

A daidai nan aka yi sallama. Hajiya ce, mahaifiyar maigida, ba waya ba sanarwa.

Ta leƙo kicin, ta dubi tukunya, ta dube ni. "'Yar nan, tuwon mene ne wannan fari fat da rana tsaka?" Ba yadda zan yi, na kunna mata saƙon. Ta kasa kunne har ƙarshe, ta sa na maimaita, sannan ta taɓe baki. "Ashe talge ne. Talge suka yi suka tsaya, lalaci ya hana su tuƙawa. Ba ni wata tukunyar."

Allah Ya taimake ni ban riga na zuba cukun ba. Hajiya, wadda ba ta taɓa jin sunan Cheddar ba, ta rage wuta har ta kusa mutuwa, ta riƙa tsiyaya madara kamar mai ɗiga wa jariri magani, tana juyawa a hankali. Ko guda ɗaya bai fito ba. Ta sauke, ta zuba cuku, ya narke lumus, ta juye makaroni a ciki. Da ta ɗaga ludayi ya biyo shi, sak na hoton. Autata ta yi tsalle.

Hajiya ta ɗanɗana, ta tauna, ta yi shiru. "Ba albasa, ba attaruhu, ba daddawa. Marasa lafiya ake ba wa a can?" Ta buɗe jakarta ta ciro ƙullin yajin da ba ta rabo da shi, ta barbaɗe farantinta har ya yi ja. Ita kuwa autar da ta tayar mini da hankali kwana biyar, cokali biyu ta yi ta ture, wai yana hawa mata kai, a dafa mata Indomie.

Hajiya ta cinye faranti biyu, ta sa na juye mata sauran a kula, ta ce ranar Juma'a za ta dawo da ƙawarta, in tanadi cukun da yawa tunda abin ba wuya. Maigida ya tambaye ni nawa na sayo shi. Na ce miya tana ƙonewa, na shige kicin, alhali ko tukunya babu a wuta.

Da yamma na fita raka ta, maigadi yana tsugune gaban butar shayinsa. Ya miƙe ya gaida Hajiya, sannan ya rage murya yadda ba za ta ji ba.

"Ya narke?"