Koci, ka je ka kwanta

To, wataƙila kun ga bidiyon wani koci mai horar da mutane motsa jiki. Gwiwa ɗaure da bandeji, yana ɗingishi, ya gama koyar da ajin atisaye huɗu tun asuba, sai ga shi kuma ƙarƙashin ƙarfe yana mana wa'azi wai shi bai san ranar hutu ba. A ƙasan bidiyon kuwa sai kirari masu sharhi ke zuba masa. Sannu jarumi. Sannu da ƙoƙarin hallaka gwiwa.

Wanda ba zai iya tsallake atisayen kwana ɗaya ba, ko da rauni ko da zazzaɓi, ba himma ke gare shi ba, atisayen ne ya mallake shi.

Shi kansa yana gaya wa ɗalibansa cewa tsoka ba a lokacin ɗaga ƙarfe take girma ba. A nan wahalar da ita ake yi, gyaran sai an ci an yi barci, kuma tsokar da aka matsa wa tana son kamar awa 48 kafin a koma mata. Yanzu ku yi lissafi: aji huɗu na minti 45 awa uku ke nan, in yana yin kowane motsi tare da su. Hukumar Lafiya ta Duniya minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki ta shawarci baligi ya yi a mako. Shi kwana biyu ya wuce nan, nasa atisayen ma ba a sa ba.

Jiki magayi. Bugun zuciya da safe ya haura yadda aka saba, barci ya ƙi, mura ba ta ƙarewa, nauyin da ake ɗagawa sau goma ya koma shida da kyar. Mai hankali sai ya rage. Wanda abin ya kama sai ya ce lalaci ne, ya ƙara.

Wai jikinsa ne jarinsa, dole ya riƙe shi. Jarin da ake ci ba a mayarwa? Ku bar wannan zance.

Abin da ke ba ni tausayi, da yawansu ba tinƙaho suke yi ba, tsoro ne. Mutum damtse kamar turmi, amma ya dubi madubi ya ga ramamme. Likitocin ƙwaƙwalwa sun san wannan matsalar, ba shagwaɓa ba ce. Mata masu horarwa nasu ya fi ɓoyuwa: a rage ci, a ƙara aji, al'ada ta ɗauke wata uku a ɗauka alamar ƙoƙari ce, alhali ƙashi ne ke raguwa har ya fara tsagewa. Tun 2014 kwamitin Olamfik na duniya ya yi gargaɗi kan ƙarancin abinci ga mai yawan atisaye, maza da mata.

Koci, ka nuna motsi sau biyu ko uku, ka sauka ka zagaya kana gyara wa mutane tsayuwa, aikin ke nan. Ka lissafa ajin a cikin atisayenka. Kwana ɗaya cur a mako ba ƙarfe, duk bayan mako biyar ko shida ka rage nauyin aiki da rabi, barci awa bakwai zuwa tara. In fitsari ya koma kalar shayi bayan atisaye mai tsanani, asibiti kai tsaye, ƙoda ce ke cikin haɗari.

Af, masu hoton "da" da "yanzu" don nuna yadda atisaye ya canza jiki, mun gane ku fa. Na farko a saki tumbi bayan cin abinci, na biyu a tsaya ƙarƙashin fitila, tsoka a kumbure an gama atisaye yanzun nan, numfashi a riƙe. Ko gajeren wandon ma ba ku canzawa.