Wanzamin Kare

Kun dai san Madam, matar da nake wa aiki a Jidda, kun kuma san Ɗan Gemu, wannan karen da ta taho da shi daga Ingila, fari mai dabbaren baƙi a baya da ja a kunnuwa, gashinsa kamar soson ƙarfe na wanke tukunya. Teriya mai gashin waya wai ake ce wa irinsu. To ran Laraba za ta Riyad kwana uku, sai ta miƙo mini riyal 300, wai in kai shi wurin mai gyara masa gashi can wajen unguwar Obhur. Riyal 300! Ni da ake mini aski a unguwar Karantina da riyal 10 har da gyaran fuska. Na dubi kare, kare ya dube ni, na zura kuɗi a aljihu na je na aro injin aski wurin ɗan Kawu.

Minti 20 na gama. A raina ma taimakonsa na yi, don wa zai so bargo a zafin Jidda? Sai da na kashe inji na ja da baya tukuna gabana ya faɗi. Ashe duk girman nan gashi ne. Abin da ya rage wani ɗan siriri ne mai fata ja-ja, kamar kazar da aka fige aka fasa dafawa. Gemun kaɗai na bar masa, shi ya ƙara lalata lamarin.

Asabar da la'asar na ɗauko ta daga filin jirgi, duk hanya ina ta labarin cunkoso. Ta buɗe ƙofa, jaka na hannunta, kare ya rugo da murna. Wallahi ja da baya ta yi. Ta ce, "Karen wa ne wannan?" Na ce naki ne, Madam. Ta dube shi, ta dube ni, ta sake dubansa, sai ta zame ta zauna a ƙasa daɓas, a bakin ƙofa, da takalminta da komai. Na so a ce ihu ta yi. A'a, murya ƙasa-ƙasa ta shiga yi mini karatu, Turanci rabi, Larabcinta na baƙala, wato na sayayya a kanti, rabi, ina tsaye riƙe da akwati ban ma tuna in ajiye ba.

Wai shi ba a yi masa aski, tsige shi ake yi. Gashinsa hawa biyu ne, na sama mai kaushi, na ƙasa mai laushi. Na saman in ya mutu ba ya zubewa da kansa, sai an bi shi da yatsu ko da wata 'yar wuƙa mai haƙora marar kaifi, ana cirewa kaɗan-kaɗan ta inda gashin ya kwanta, har alli ake barbaɗawa don ya kamu a hannu. In an cire mataccen, sabo mai ƙarfi ke fitowa a gurbinsa. In ko inji aka sa, sai ya tsiro laɓa-laɓa kamar auduga, baƙin ya koma ruwan toka, jan ya koɗe, kuma sai an yi watanni ana fama kafin ya dawo, in ma ya dawo. Ta ce kakanninsa ramin yanyawa suke kutsawa a Ingila, wannan gashin shi ne sulkensu daga ƙaya da ruwan sama.

Nan ne fa bakina ya ja mini. Na ce, "To Madam, ina yanyawa a Jidda?"

Ba ta amsa ba. Waya ta ɗauko ta kira yayarta ta bidiyo. Ta haska kare, yayar ta dafe ƙirji. Ta juyo da wayar ta haska ni. Ni da 'ya'ya huɗu, ina tsaye da akwatin mace, wata tsohuwa daga Ingila tana ƙare mini kallo ta saman tabarau, na rasa abin yi sai na ɗaga mata hannu na ce sannu. Har yau in na tuna ɗaga hannun nan sai in ji kamar in nutse.

Amma wanda ya fi ba ni haushi Baba haris ne, mai gadi. Mutumin nan shi ya riƙe mini ƙafafun karen, shi ya ce in ƙara bi ta wuya bai yi sumul ba, kuma riyal 50 ya karɓa a cikin kuɗin. Da Madam ta leƙa ta tambaye shi, sai ya kurɓi shayinsa ya ce shi masallaci ya tafi a lokacin, kuma shi ko kusa da kare ba ya zuwa. Baba, ka ji tsoron Allah. Gashin fa har a gemunka na gani. Shi ne dai wanda ya ari tukunyar shinkafata ta lantarki tun azumin bara, kullum sai "bukura in sha Allahu", wato sai gobe. Kafin Juma'a ya kai labari Karantina, ya ƙara masa gishiri, wai har turare na fesa wa karen. Yanzu in na shiga majalisa sai a ce a matsa wa wanzamin kare. Yara ma sun ɗauka.

Ɗan Kawu ya ce ba zai karɓi injinsa ba ko da an wanke shi sau bakwai, sai da na sayi sabo. Madam ta zare 300 ɗinta a albashi. Ɗan Gemu kuma riga ta saya masa saboda kada rana ta ƙone shi, mai ratsin shuɗi, ta fi tawa kyau. Ta ce in gashin ya fito ni zan koyi tsigar, har ta yi odar wuƙar.

Hamsin ɗin nan dai Baba bai dawo da ita ba.