Tsohon da aka ɗauko daga ƙauye, ina zai zauna?

A layinmu na Mabera akwai wani dattijo da ɗansa ya ɗauko daga wani ƙauyen Sabon Birni, bayan 'yan bindiga sun hana noma. Yana da ɗaki, yana da fanka, tuwo bai taɓa yanke masa ba. Amma kullum da hantsi sai ya fito da buzunsa ya raɓa da katangar maƙwabci, inuwa na ja yana binta, har rana ta take ta kora shi ciki. Na taɓa durƙusawa na ce, "Baba, ko akwai abin da ke damunka?" Ya ce lafiya lau, wurin zamnawa kawai ya rasa.

Irinsa suna da yawa a Sakkwato yanzu, daga Isa, Rabah, Goronyo. Mukan auna halinsu da buhun shinkafa da kuɗin magani, kuma ba na raina waɗannan. Sai dai mutumin da ya shekara saba'in ana sallama a zaurensa, ana kawo masa rikicin iyakar gona ya sasanta, ciki ba shi ne kaɗai abin da ke jin yunwa a jikinsa ba.

Dubi yadda muke gina sababbin unguwanni. Katanga doguwa, get na ƙarfe, babu zaure, babu dakali. Darbejiyar da aka tarar a fili an sare ta, a garin da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu. Masallaci na nan kusa, amma tsakaninsu akwai kwata buɗe da 'yan kabu-kabu, ga gwiwa ta gaji, ga ido ya yi rauni. Sallar asuba cikin jam'i ta zama sai an samu jikan da zai riƙe hannu.

Na tsofaffin mata ya fi ciwo. Wadda ta saba kiwon awaki, ba a suna ko biki sai da ita, yau tana tsakar gidan siminti ba mai leƙo ta.

Wannan ba sai an jira gwamnati ba. Mai unguwa ya san gidan da aka sauki baƙo. Liman na iya jawo shi sahun gaba, a riƙa kiransa ɗaurin aure da raɗin suna. Matasa su ɗora sulab a kan kwatar da ke hanyar masallaci, mai ginin gida ya bar dakali a ƙofa. Mu dai a layinmu mun dasa darbejiya biyu da daminar bana, Baba ne ke ba su ruwa da butarsa.