Gwajin Shapiro-Wilk ba ya tabbatar da daidaiton makin juriya

Masu binciken juriyar ɗalibai kan wahala sukan raba takardar tambayoyi, su tara maki, su zuba a manhajar ƙididdiga ta SPSS, su yi gwajin Shapiro-Wilk, wanda ke duba yadda makin ya bazu. Da zarar p, wato adadin da gwajin ke fitarwa, ya haura 0.05 sai su rubuta cewa makin ya bi siffar ƙararrawa, wato galibi a tsakiya, kaɗan a gefuna. Gwajin nan na 1965 bai faɗi haka ba. Cewa kawai ya yi bai ga isasshiyar shaidar karkata daga wannan siffa ba, kuma rashin kama ɓarawo ai ba ya nufin ba a yi sata ba.

Da ɗalibai 15, ko karkatar tana nan da wuya ya gano ta. Da 2,000 kuwa, ɗan bambancin da bai taka kara ya karya ba ya isa ya jefa p ƙasa da 0.05.

Ga ma'aunin kansa: amsa daga 1 zuwa 5 tana da iyaka, kuma wa zai so ya ce shi rago ne? Sai maki ya cunkushe a sama. Zanen Q-Q, wanda ke kwatanta makinka da siffar ƙararrawa, zai nuna maka cunkoson nan take, don haka duba shi tun kafin ka leƙa p.