Aikin yarinyar nan ba tsafi ba ne

Tun jiya raina yake a ɓace kan abin da aka yi wa yarinyar nan mai zane. Kun dai gani. Ta saka hoton aikinta, ta rubuta kalmar "iska" a ƙasa, shi ke nan aka yi mata caa. Wannan ya ce tsafi, wancan ya ce 'yar bori, har da mai cewa a kai ta a yi mata ruƙiyya. Haba jama'a! Wallahi ba tsafi ba ne.

Ni da ƙafata na je na tsaya a gaban allon nan. Katako ne ta shafe da shuni da jar ƙasa, ta manna masa fasassun madubai, ta ja zare daga wannan gefe zuwa wancan, can ƙasa kuma gutsattsarin ƙarafa ne da ta tsinto a kasuwar Panteka ta nan Kaduna. In ka tsaya tsakiya sai ka ga fuskarka ta rarrabu. Ka ɗan gusa hagu, fuskar ta ɓace, hasken taga ya maye gurbinta. Da aka kunna fanka zaren ya fara rawa, inuwarsa na bin bango. Na daɗe a tsaye ban ce uffan ba. Abin da take nuna mana shi ne ido ba ya kama komai, kuma abin da ba ka gani shi yake motsa wanda kake gani. Wa ya taɓa ganin iska? Amma hunturu na shigowa kowa ya san ta zo, leɓe ya tsage, hazo ya rufe gadar Kawo. Tsoro fa, ana ganinsa? Addu'ar uwa fa? To ina tsafi a nan?

Masu cewa hoto haramun ne, ku sake dubawa, babu surar mutum ko ta dabba a jikinsa. Masu cewa aikin Turawa ne, ku ne kuka fi ba ni haushi. A jihar nan, a yankin Nok, masu haƙar kuza suka tono gunkin yumɓu a 1928, yau duniya ta san sunan Nok. A Zariya ɗalibai irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiyarsu ta masu zane a 1958, don a daina kwaikwayon Bature a koma ga na gida. Babban Gwani Muhammadu Durugu da ya gina masallacin Juma'ar Zazzau, da ƙasa ya yi aikinsa. Shuni da ƙasa da zare namu ne tun kaka da kakanni. Ba tsafi ba ne, kuma ba baƙon abu ba ne.

Ƙanwata, in kina karanta wannan, kada ki sauke hoton, kada ki ajiye buroshi. Allah Ya yi wa hannunki albarka.

Zaren nan ma Kakuri ya tuna mini. Babana a masaƙa ya yi aiki, da asuba za ka ga kekuna layi-layi suna nufar ƙofa kafin jiniya ta kaɗa. Rannan na wuce ta wurin, ciyawa ta kusa kai tagogi.