Vladlen: uba ya yi siyasa da suna, ɗa da jika na ta dakon kayan

Jama'a akwai wani sunan maza a Rasha da ake kira Vladlen, in ka ji shi sai ka rantse tsohon suna ne tun na kaka da kakanni, don yana kama da su Vladimir da Vladislav waɗanda suka shekara kusan dubu ana saka wa yara. To ba haka ba ne fa. Sunan nan ƙirƙirarsa aka yi bayan juyin juya halin 1917, aka yanko Vlad daga Vladimir, aka yanko Len daga Lenin, aka manna su wuri ɗaya, shikenan suna ya samu. Wato ma'anarsa kawai Vladimir Lenin, jagoran juyin kwaminisancin nan na Rasha, ba wani jarumi ko mai hikima ko kyautar Allah irin yadda masu tallan sunaye a intanet ke son ƙaƙaba wa kowane suna. Wasu kan rubuta shi Vladilen, da ƙarin harafi ɗaya a tsakiya, mata kuma Vladlena.

Abin dariyar ma shi ne Lenin ɗin kansa ba sunansa na gida ba ne. Ulyanov ne sunan gidansu, an haife shi 1870 a garin Simbirsk, Lenin sunan ɓoye ne da ya riƙa sa hannu da shi a rubuce-rubucensa don kauce wa 'yan sandan sarki. Ka ga kenan yaro ya tashi da rabin sunan yanka rabin sunan ɓuya na wani bawan Allah da bai haɗa komai da shi ba.

Amma kafin mu yi musu dariya ya kamata mu san yadda abin yake a da. Kafin 1917 iyaye a Rasha ba su da cikakken iko da sunan ɗansu, coci ce ke rajistar haihuwa, kuma akwai kalandar waliyyai da ake dubawa, yawanci sunan waliyyin da ranarsa ta faɗo kusa da haihuwa ko baftisma shi yaro zai ɗauka, in limamin coci ya ce ga suna to da wuya talaka ɗan ƙauye ya yi musu. Shi ya sa Ivan ya cika ƙasar, duk inda ka juya Ivan, Vasily, Pyotr. Da 'yan Bolshebik, wato jam'iyyar su Lenin, suka karɓi mulki, tun a watan Disamba 1917 suka ƙwace rajistar haihuwa da aure da mutuwa daga hannun coci suka mayar ofishin gwamnati da ake kira ZAGS, har yau da wannan sunan ake kiransa. Daga nan ƙofa ta buɗe. Har bikin suna na kwaminisanci suka ƙirƙiro a shekarun 1920, suna ce masa oktyabriny, don tunawa da juyin Oktoba na 1917, maimakon a kai jariri coci sai a kai shi kulob ɗin ma'aikata na masana'anta, a nannaɗe shi da jan ƙyalle, shugabannin jam'iyya su yi jawabi, a sanar da suna a tafa. Mutumin da kakanninsa ba su taɓa zaɓar wa ɗansu suna ba yau an ce masa zaɓi duk wanda ka ga dama, me kake tsammani? Ai dole a yi ɓarin zance.

Kuma an yi. Vilen daga V. I. Lenin. Marlen daga Marx da Lenin, kuma akwai shahararren daraktan fim Marlen Khutsiev da aka haifa 1925 mai wannan suna. Ninel na mata, wanda Lenin ne aka karanto daga baya. Kim, wanda ba ruwansa da Koriya, haruffan farko ne na ƙungiyar matasan kwaminis ta duniya. Mels kuma shi ne ya fi ba ni tausayi, haruffan farko na jiga-jigan kwaminisanci Marx, Engels, Lenin, Stalin duk a kan jariri ɗaya, sai ga shi 1956 Khrushchev, shugaban jam'iyyar kwaminis ta Tarayyar Sobiyat bayan Stalin, ya tashi gaban taron jam'iyya ya tona asirin ta'asar Stalin, kai kuma ga S ɗin nan maƙale a wutsiyar sunanka kana yawo da ita.

Bayan rasuwar Lenin ranar 21 ga Janairu 1924 abin ya ƙara zafi, don cikin 'yan kwanaki aka mayar da Petrograd ta koma Leningrad, a shekarar aka mayar da Simbirsk ta koma Ulyanovsk, iyaye su ma suka bi sahu da 'ya'yansu. Ɗan wasan kwaikwayo Vladlen Davydov na gidan wasan Mosko ɗan 1924 ne, kuma in ka bi masu wannan suna za ka ga da yawansu haihuwar zamanin Sobiyat ne.

To ga inda ni ra'ayina yake. Ban ce iyayen nan mugaye ba ne, wallahi da yawansu sun yarda da abin har zuciya, sun ga kamar duniya sabuwa ce ta zo wadda ɗan leburan masana'anta zai zama likita ko injiniya, kuma wasu sun zama ɗin. Amma suna ba fosta ba ce da za ka manna lokacin kamfe in an gama zaɓe ruwan sama ya wanke ta. Gari yana iya sauya suna, mutanen Leningrad sun kaɗa ƙuri'a 1991 garin ya koma Saint Petersburg, Stalingrad tun 1961 ta zama Volgograd, an sauke allo an kafa wani. Mutum fa? Takardar haihuwa, satifiket ɗin makaranta, fasfo, takardar aure, duk suna nan da shi.

Kuma a Rasha abin bai tsaya kan yaron ba, nan ne mutane da yawa ba su lura ba. Su Rashawa kowa yana da sunan tsakiya da ake ginawa daga sunan ubansa, kuma da shi ake girmama mutum, ɗalibi ba ya kiran malaminsa da suna tsirara, ma'aikaci ba ya kiran ogansa haka, sai ka haɗa sunansa da na uban, kamar yadda ake ce wa Putin Vladimir Vladimirovich. Don haka duk wanda aka sa wa Vladlen, 'ya'yansa maza Vladlenovich ne, mata Vladlenovna, har su mutu. Misalin da ya fi kowane daɗi shi ne Sergei Kiriyenko, cikakken sunansa Sergei Vladilenovich. Yeltsin, shugaban Rasha na lokacin, ya naɗa shi firaminista 1998 yana ɗan shekara 35, mutum ne da ya fito daga harkar banki da mai, cikin matasan da ke tura tsarin jari-hujja, a hannunsa gwamnati ta kasa biyan bashi a watan Agusta na shekarar kuɗin ruble ya faɗi warwas aka sallame shi. Ka duba fa, mai gina kasuwar da Lenin ya rusa, amma kullum in za a gaishe shi a ofis sai an ambaci Lenin. Daga baya ya shugabanci Rosatom, kamfanin nukiliya na gwamnati, tun 2016 kuma yana cikin manyan fadar Kremlin.

Mu ma dai kar mu cika baki, waɗanda suka yi wayo lokacin yaƙin Gulf na 1991 sun san Saddam nawa aka raɗa a Arewa, kuma yaran ne suka girma suna amsa tambayoyi a ofishin biza, ba iyayen ba.

Abin da ya sa Vladlen bai mutu murus ba kamar su Mels, a ganina, sa'ar sauti ce kawai ya taka. Ya saje da sunayen gargajiya, a gida sai a ce masa Vlad ko Vladik, wanda shi ne dai abin da ake kiran Vladislav, ba mai tambayarka komai. Yau in ka ga matasan iyaye sun sa shi, galibi ko dai sunan kaka ne aka maimaita ko kuma daɗinsa suka ji a kunne, ba don Lenin ba. Duk da haka yana da wuyar samu sosai, a Mosko shekarun nan su Mikhail da Aleksandr ne ke kan gaba, masu neman baƙon suna kuma sun koma tono tsofaffin na coci da na tarihi irin su Miron da Savva da Dobrynya. Ga kuma wata matsala, in iyaye masu bin cocin Orthodox ne, babu waliyyi Vladlen a kalanda, to ranar baftisma sai a ba yaro wani suna daban, sau da yawa Vladimir ko Vladislav, ya zama yana da na coci yana da na fasfo.

Wani kuma da ya sa sunan ya sake shiga labarai shi ne mai rubutun yaƙin Ukraine ɗin nan Vladlen Tatarsky da bam ya kashe a wani gidan shan kofi a Saint Petersburg watan Afrilu 2023, sai dai shi ma ba sunansa ba ne, Maksim Fomin yake, aro ya yi.

Gwamnatin Rasha dai ta gaji da shirmen iyaye, 2017 ta yi doka da ta hana sa lambobi ko alamomi ko zagi ko muƙami a sunan jariri, bayan an daɗe ana rigima da wani uba a Mosko da ya dage sai an yi wa ɗansa rajista da haruffa haɗe da lambobin ranar haihuwarsa. Dokar ba ta taɓa Vladlen ba, duk mai so zai iya sawa gobe ma. Shi kuma yaron in ya kai shekara 14 doka ta ba shi damar zuwa ZAGS ya sauya, amma sai da amincewar iyayen nan da suka sa masa, har sai ya cika 18.