Zazzaɓin Lassa: Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari

Duk shekara, da zarar an gama kwashe amfanin gona hunturu ya kankama, sai alƙaluman zazzaɓin Lassa su fara hawa a rahotannin hukumar daƙile cututtuka masu yaɗuwa ta ƙasa, wato NCDC, kuma jihohin da ke kan gaba kusan ba sa sauyawa: Ondo, Edo, Bauchi, Taraba da Ebonyi. Shawarar da ake bai wa jama'a ita ma ba ta sauyawa: a rufe abinci, a share gida, a kashe ɓera. Shawara ce mai kyau, sai dai tana ɗora wa uwar gida dukkan nauyin, ba tare da an tsaya an tambayi abin da ke koro ɓeran daga daji zuwa ɗakin kwananmu a daidai wannan lokaci na shekara ba. A ganina, amsar tana cikin yadda muke sauya ƙasar da muke zaune a kanta.

Cutar ta samo sunanta ne daga garin Lassa na jihar Borno, inda aka fara gano ta a shekarar 1969 bayan ta kama wasu ma'aikatan jinya na mishan. Bayan 'yan shekaru, masu bincike a Saliyo suka tabbatar cewa ƙwayar cutar tana zaune ne a jikin wani ɓeran daji mai yawan nonuwa, wanda masana ke kira Mastomys natalensis. Shi ɓeran cutar ba ta kwantar da shi, amma yana fitar da ƙwayar a fitsarinsa da kashinsa, kuma macen takan haifi 'ya'ya goma ko fiye a ciki ɗaya. Dabba mai irin wannan haihuwa, da ta samu damina mai albarka da abinci a yalwace, cikin 'yan watanni take cika gona.

Wannan ba hasashe ba ne, domin an gan shi ƙarara a wasu ƙasashe. A shekarar 1993, wata cutar huhu da ba a san ta ba ta riƙa kashe matasa majiya ƙarfi a kudu maso yammacin Amurka, musamman a yankin ƙabilar Navajo. Da aka bi diddigi, sai aka gano cewa bayan shekarun fari an samu ruwan sama mai yawa, tsirrai suka yi 'ya'ya sosai, yawan wani ɓeran daji ya ninka kusan sau goma, shi ne ya shigo da ƙwayar cutar da ake kira Hantavirus cikin gidaje da rumfunan ajiya. A Ajantina kuwa, faɗaɗa noman masara ne ya bai wa wani ƙaramin ɓera damar yaɗuwa, har zazzaɓi mai sa zubar jini ya ɓulla tsakanin ma'aikatan gona a shekarun 1950. A wuri ɗaya sauyin ruwan sama ne sila, a ɗayan kuma hannun ɗan Adam.

Mu a nan duka biyun sun haɗu mana. Duk wanda ya bi hanyar Bauchi zuwa Jos a watan Disamba ya san yadda hayaƙi ke tashi daga bakin daji, samari riƙe da sanduna, karnuka na biye da su, sun cinna wa ciyawa wuta suna jiran gafiya ko zomo ya fito. Abin da suka kama ba ya kai ko kusa da abin da ya tsere, kuma wanda ya tsere ba shi da mafaka sai ƙauyen da ke kusa, inda hatsi yake jibge. Wanda aka kama ɗin ma da hannu tsirara ake feɗe shi. A gefen kwalta kuma ga masara, ga rogo, ga barkono an shanya a ƙasa, wani lokaci su kwana a nan, ɓera ya bi ta kai cikin dare, da safe a tattara a zuba a buhu ba tare da an ga wata alama ba.

Akwai kuma sauyin da ba a cika magana a kansa ba. A da, rumbun Bahaushe a waje yake, a ɗage bisa duwatsu, nesa da shimfiɗa. Yau tsoron ɓarayi ya sa manoma da dama suna jera buhunan hatsi a ɗakin da suke kwana da iyalansu, har yaro ya kwanta a tabarma kansa na taɓa buhu. Ba zan zargi manomin da ya yi haka ba, domin guminsa na shekara yake karewa, amma gaskiyar ita ce ya gayyato ɓera har bakin gadonsa. Haka nan saran itatuwa don gawayi da share daji don sababbin gonaki suna korar mujiya da shaho da macizai, waɗanda su ne ke rage yawan ɓera ba tare da an biya su ko kwabo ba. Mujiya ma, saboda camfi, jifa take sha duk inda aka gan ta. A birane kuwa, unguwanni suna ta kutsawa cikin tsofaffin gonaki, ga juji a bakin kasuwa, ga kwata a toshe, ga ambaliya da ke tashin ɓeraye daga ramukansu ta tara mutane a makarantu da sansanoni.

Adalci ne a faɗi cewa ƙaruwar alƙaluman, daga mutum ɗari shida da wani abu da aka tabbatar sun kamu a 2018 zuwa sama da 1,000 a 2020, tana da nasaba da ƙaruwar ɗakunan gwaji da kyautatuwar sa ido. Amma hakan ba ya bayyana dalilin da ya sa cutar ke bin rani sau da ƙafa, tana tsananta daga Janairu zuwa Maris, lokacin da daji ya ƙone kuma abinci ya koma gida.

Abin da ya sa lamarin ya dame ni shi ne yadda cutar ke ɓoye kanta. Kusan kashi 80 cikin ɗari na waɗanda suka kamu ba sa nuna wata alama mai tsanani, sauran kuma ciwon yakan fara musu kamar zazzaɓin cizon sauro ko taifot, sai a yi ta zarya a kemis har kwanakin da maganin ribavirin ya fi amfani su wuce. Cikin waɗanda suka warke, kusan ɗaya cikin huɗu yakan samu matsalar ji. Ga mai tsohon ciki, hatsarin rasa ɗan da ma ran uwar yana da girma ƙwarai, kuma har yanzu babu allurar rigakafin da aka amince da ita. Jama'ar Kano ba su manta da likitoci biyu da suka rasu a farkon 2020 bayan sun kamu a bakin aiki ba.

Saboda haka bai kamata a bar wa ma'aikatar lafiya ita kaɗai wannan yaƙi ba, domin ita sai wuta ta kama ake kiranta. Aikin na malaman gona ne, da ma'aikatar muhalli, da hakimai da dagatai, kuma lokacinsa watan Oktoba ne, kafin a fara girbi gadan-gadan. Dokar hana ƙona daji tana buƙatar masu unguwanni su tsaya mata, amma a haɗa ta da abin da manomi zai gani a ƙasa: dandamalin siminti ko tamfol don shanya, da duro mai murfi ko rumbun ƙarfe a farashi mai rahusa, ko rumbun haɗin gwiwa mai gadi a kowace gunduma, yadda hatsi zai fita daga ɗakin kwana. Ƙananan hukumomi su dawo da duba-gari da ikonsu, su fara daga kasuwannin hatsi irin su Dawanau, inda buhuna daga jihohi da dama suke kwana kafin su shiga gidajen mutane.